Ana Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Ina so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wani abu da ya dame mu duka, wanda kowa ke kuka da shi amma ba mai tsayawa ya bincika. Maganar kuwa ita ce ta batirin wayar hannu, da abin nan da ke shanye shi a ɓoye alhali waya tana ajiye, ba mai taɓa ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya same ni a zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa. Ni an tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye inda wutar lantarki ba ta zuwa sai ta ga dama. Kullum da la'asar na kan kai wayata wurin mai caji a bakin kasuwa, in biya, in karɓo ta da almuru. Tsarin darasina yana cikinta, hoton taswirar da zan zana a allo yana cikinta, har agogon da ke tashe ni da asuba ita ce. To, ran nan aka aiko mana cewa gobe malamin da ke duba mu zai zo. Na zauna ina ta shiri har tsakar dare, na kwanta waya tana da caji kashi 45 cikin 100, na ce wannan ai ya ishe ni har in tashi makaranta. Ban farka ba sai da rana ta shigo ta taga. Na jawo waya, na tarar ta mutu murus. Ko da na isa aji, sai na iske malam ya riga ni, yana zaune can baya da littafinsa a buɗe, yara kuwa sun zuba mini ido. Na koyar da kogunan Nijeriya da ka, ba tsari ba taswira. Makin da na samu ran nan ba na so in faɗe shi a mujalla.

Da waya ta sami caji, na buɗe wurin da a ke nuna lissafin batir don in ga ɓarawona. Sai na ga wani suna a can bisa, ya fi kowa ci, wai shi Google Play services. Ni ban san shi ba, ban sauke shi ba, ban taɓa buɗe shi ba. Na nuna wa abokan zamana. Ɗaya ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga wayar. Ɗaya ya ce dabarar masu ƙera waya ce, su kashe tsohuwa don ka sayi sabuwa. Na uku ya ce kada in wahal da kaina, batir ne ya mutu. Kowa ya yi magana kamar shi ya ƙera ta. Ni kuma na bi ta kansu duka. Na danna wurin da a ke tsai da abin da ƙarfi, na kuma sauko da wata manhaja wadda ta yi alkawari wai za ta share waya ta riƙa kashe duk abin da ke motsi a ɓoye. Kwana biyu, saƙonni suka riƙa makara, wani ma ba ya shigowa sai na buɗe manhajar da kaina, batir kuwa yana nan yana zuba kamar tulu mai huda.

Ran Asabar na shiga gari da kuɗin abincina na mako biyu a aljihu, na nufi wurin wani dattijo mai gyaran waya, na ce, "Baba, batir na ke so a sāke mini." Bai karɓi kuɗin ba. Ya juya wayar, ya shafa bayanta ya ji ko ta kumbura, sa'an nan ya ce, "Malam, da rana ta ke shanyewa kana aiki da ita, ko kuwa da dare tana ajiye?" Na ce da dare. Ya ce, "To, koma da kuɗinka tukuna. Yau da dare ka danna alamar jirgin sama, ka kuma kashe abin nuna wuri, ka rubuta adadin cajin a takarda. Da safe ka sāke rubutawa. In ya zube duk da haka, ka dawo in sayar maka." Na yi yadda ya ce. Na kwanta da 80, na tashi da 77. Ashe batirina lafiyarsa lau.

Daga nan ne na ji kunya, na shiga neman sanin abin da ya kamata in nema tun farko. Ga abin da na fahimta, zan kuwa faɗe shi yadda zan faɗa wa 'yan aji shida.

Idan fuskar waya ta yi duhu, wayar ba ta mutu ba, barci ta ke yi, irin barcin mai gadi. Ƙwaƙwalwarta ta kan kwanta, ta rage shan wuta ƙwarai, amma kunnenta yana buɗe don kira ko saƙo. Lokaci lokaci ta kan farka ta yi wani ɗan aiki ta koma. Duk tsawon ran batir da dare yana rataye ne a kan abu guda, watau sau nawa aka tashe ta, kuma in an tashe ta minti nawa ta ke yi kafin ta koma barci. Akwai wani izini da kowace manhaja ke iya riƙewa, wanda ma'anarsa ita ce "kada ki yi barci sai na gama". Mu kira shi hana-barci. Amfaninsa a fili ya ke, don da ba shi, da karatu ko waƙar da ka ke saurara ta yanke da zarar fuskar waya ta yi duhu. Amma idan manhaja ta riƙe shi ta ƙi saki, ko don sakacin wanda ya rubuta ta, ko don tana ta gwada wani aiki yana ƙi, to, sai waya ta kwana a farke a ƙarƙashin matashinka. Shi ya sa wani lokaci ka kan ɗauke ta da safe ka ji ta da ɗumi.

To, shi wannan Google Play services ɗin fa, mene ne shi? Ku ɗauki waya kamar gidan wani attajiri mai baƙi da yawa, kowane baƙo manhaja ce. Da a ce kowane baƙo shi zai riƙa fita da kansa yana duba ko an aiko masa da wasiƙa, da ƙofar gidan ba ta rufu ba dare da rana. Sai aka ajiye yaro guda, ɗan aike, aka ce kowa ya bi ta hannunsa. Kamfanin Google ya shigo da shi cikin wayoyin Android a shekarar 2012, yana kuwa cikin kusan kowace irin wadda mu ke riƙewa a nan, Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung. Shi ne ke riƙe da hanya guda a buɗe tsakanin wayarka da manyan kwamfutocin kamfanin, ta nan sanarwar saƙonnin manhajoji masu yawa ke shigowa. Shi ne kuma a kan tambaya, "Ina mu ke yanzu?" sai ya haɗa labarin tauraron ɗan'adam da na turakun sabis da na wayfay ɗin da ke kusa, ya ba da amsa. Shi ke daidaita lambobin mutanenka da ajiyarsu ta intanet, don in waya ta ɓace kada su ɓace tare da ita. Watau dai an yi shi ne musamman don a rage shan batir. Amma tun da shi ne mai zirga-zirga, ba kullum ne lissafin gajiyar ke komawa kan wanda ya yi aiken ba, sau da yawa sunansa a ke rubutawa. In wani baƙo marar kunya yana aikensa sau ɗari kafin gari ya waye, kai mai gida abin da za ka gani shi ne yaron nan ya fi kowa cin tuwo.

Wannan ne jakin da na bari na ke ta dukan taiki. Mu da za mu zama malamai ya kamata abin ya tsaya mana a rai, don irinsa mu ke yi a aji. Ka shigo ka iske hayaniya, wanda ka gani a tsaye shi ka ke kamawa, alhali kuwa sau da yawa shi ne monita, ya tashi ne don ya tsawata.

Na ci gaba da gwajin da dattijon nan ya koya mini, ina sāke abu ɗaya kurum kowane dare, kamar yadda a ke koya mana a darasin kimiyya. Dare na biyu na mai da sabis, na bar abin nuna wuri a kashe. Aka ci 13. Dare na uku na kashe layina na biyu, wanda dā ma a ƙauyen nan sandarsa ɗaya ce, wani lokaci babu. Aka ci 5. Ga ɓarawo ɗaya ya fito, ba shi kuwa da wata alaƙa da ɗan aiken. Dalili shi ne, idan turken sabis yana nesa, waya ta kan ƙara ƙarfin muryarta don a ji ta, in kuma ta rasa shi ɗungum sai ta yi ta lalube. Mai kira daga ƙetaren kogi ai ya fi mai raɗa gajiya. Dare na huɗu na kunna abin nuna wuri, aka ci 24. Sai na shiga wurin da waya ke nuna manhajojin da suka nemi sanin inda na ke kwanan nan. Can na iske wata manhajar hasashen yanayi da na sauke tun bara don kwalliya, na ma manta da ita. Ran da na sauke ta ta tambaye ni izini, ni kuwa ina sauri na danna "ko da yaushe". Ta kuma roƙi a cire ta daga cikin waɗanda a ke taƙaita wa batir, na ce to. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na ba ta mabuɗin gida da hannuna.

A nan ina so 'yan'uwa su lura da wani abu da ya fi batir. Manhajar da ke tambayar inda ka ke cikin dare, kana barci ba ka motsa ba, me za ta yi da wannan labari? Ruwan sama ba ya sāke shawara don ka juya a kan katifa. Sanannen abu ne cewa manhajojin kyauta da yawa da talla su ke cin abinci, labarin inda mutum ya ke kuwa haja ce a kasuwar masu talla. Saboda haka zubar batir wani lokaci ita ce kaɗai alamar da za ka gani cewa wani yana bin sawunka.

Kada a ce masu yin Android sun zuba ido. Sun daɗe suna ɗaure baƙin nan. A 2015, cikin Android 6, suka kawo wata dabara mai suna Doze, watau gyangyaɗi: in waya tana ajiye ba motsi, ba a kan caji ba, sai a tara aike-aiken manhajoji a hana su fita sai a wasu 'yan lokuta, tazarar kuwa tana daɗa tsawo muddin ba a taɓa wayar ba. A 2017, cikin Android 8, aka rage wa manhajar da ba a buɗe ba damar tambayar wuri, ya zama 'yan lokuta kaɗan cikin awa. A 2018 Android 9 ya fara lura da manhajojin da ka saba buɗewa, yana ƙuntata wa waɗanda ka yi watsi da su. A 2019 Android 10 ya ba ka ikon ka ce manhaja ta san inda ka ke sa'ad da ka ke aiki da ita kaɗai. Su ma masu iPhone suna da nasu: tun 2013 akwai wurin da za ka hana manhaja sabunta kanta a ɓoye, tun 2015 kuma akwai yanayin tsimin batir. Amma da yawanmu tsofaffin wayoyi mu ke riƙewa, na hannu, waɗanda sabuntawa ta daina iso musu. Ko sabuwa ce ma, ƙofar da mai gida ya buɗe da kansa ba mai gadin da zai rufe ta.

Sai maganar lissafi, wadda na ke ganin abin kunya ne ta ruɗe mu. A wayoyi da yawa, adadin da a ke rubutawa a gaban sunan manhaja ba kashi ne na dukan batir ba, kashi ne na abin da aka ci. Misali, ka kwanta da 90 ka tashi da 85, an ci 5 ke nan. Ka duba ka ga an rubuta wa ɗan aike kashi 40 cikin 100, hankalinka ya tashi. Alhali kashi 40 na 5 ai 2 ne. Tun da ba wanda ya yi aiki cikin daren sai shi, dole ya zo na ɗaya, kamar yaron da ya yi tsere shi kaɗai. Saboda haka kafin ka dubi wanda ke bisa, fara duban nawa aka ci, cikin awa nawa. Wayar da ta ci 3 ko 5 a dare ba ta da ciwon kome.

Ita kuwa al'adar nan tamu ta share manhajoji da yatsa kowane minti biyar, wai muna tsimi, ni dai a ganina wahalar banza ce. Manhajar da ka bari a baya galibi a daskare ta ke, wuri kurum ta tare, ba ta shan wuta. In ka kore ta, sa'an nan ka sāke buɗe ta, sai waya ta ɗauko ta tun daga tushe, wannan kuwa ya fi ci. Uwar gida mai hankali ba ta kashe garwashi da ruwa in ta san za ta ɗora wata tukunya an jima. Ba ni na ƙaga wannan ba. A 2016 Craig Federighi, babban jami'in manhaja na kamfanin Apple, ya amsa wa wani mai tambaya cewa rufe manhajoji ba ya ƙara wa batir kwana, a cikin shekarar kuma Hiroshi Lockheimer, wanda ke shugabancin Android a lokacin, ya ce yin haka ma yana iya ɗan ƙara ɓarna. Su manhajojin shara kuwa, irin wadda na sauke, su ne suka fi ba ni haushi. Don su yi gadin wasu, dole su kansu su kwana a farke, ga talla suna jawowa da datarka. Abin da suka kashe kuma, in na tsarin waya ne, nan da nan ya ke sāke tashi, su sāke kashewa, ya sāke tashi, batir ne ke biyan kuɗin wannan kokawa. Tun daga Android 14 ma, na 2023, an hana kowace manhaja kashe ayyukan ɓoye na wata, sai nata. To, me ya rage musu ban da zanen tsintsiya da ke yawo a fuskar waya?

Na san wani zai ce, "Kai Malam, ka wanke yaron nan tas, shi ba ya laifi ne?" Yana yi. Shi ma mutane suka rubuta shi, a kan kuma sabunta shi a ɓoye ba tare da an tambaye ka ba, wani lokaci sabuntawar ta zo da kuskure, ko wani aikin daidaitawa ya maƙale ya yi ta maimaituwa. Maganin wannan shi ne a kashe waya a kunna, a karɓi sabuntawar da ke jira, a share tarkacen ajiyarsa na wucin gadi, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Amma tsai da shi da ƙarfi, ko neman tumɓuke shi, wannan garin neman gira ne a rasa ido, don saƙo da taswira da manhajoji da yawa a kansa su ke tsaye. Akwai kuma lokacin da abokina na uku ke da gaskiya, batir ne ya tsufa. Irin batirin da ke cikin wayoyinmu, na sinadarin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, yana raguwa da kowane caji. Kamfanin Apple ya ce batiran wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an yi su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, ya kuma yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya raunana batir har abada. Mu da ke barin waya a kan teburin mai caji, cikin rana, kusa da janareta, sai mu yi wa kanmu hisabi. Alamar tsohon batir daban ta ke: yana zuba da rana da dare, ko ya yi tsalle daga 30 ya mutu, ko bayan waya ya kumbura. In ya kumbura kam, ba sauran gwaji, a kai shi a cire tun bai yi ɓarna ba.

Inda na ke ganin laifin masu ƙera wayoyi shi ne wajen bayani. Sun iya gaya maka wanda ya ci, ba su iya gaya maka wanda ya aike shi ba. Mutum ya buɗe lissafi ya iske suna da Turanci wanda ko Baturen ma bai san ma'anarsa ba, ba fassara, ba ƙarin haske. Da an rubuta a ƙarƙashinsa cewa manhaja kaza ce ta aike shi sau kaza cikin daren jiya, da mutane da yawa ba su yi asarar kuɗinsu wurin sayen batirin da ba su bukata ba. Ba kowane mai gyara ne kamar dattijon nan nawa ba, wanda ya ga kuɗi ya ce a koma da su. Wasu masu ƙera wayar kuma sun zarce, sun sa wa wayoyinsu tsimi mai tsanani har yana kashe abin da mutum ke bukata, saƙo ya makara, tunatarwa ta ƙi fitowa. Wanda ya ga haka a wayarsa, sai ya nemi manhajar da abin ya shafa ya sassauta mata ita kaɗai, kada ya buɗe wa kowa.

Ni dai na cire manhajar yanayi, na cire ta shara, na bi sauran ɗaya ɗaya na mai da izinin wurinsu ya zama sai ina aiki da su. Layi na biyu kuwa na kan kashe shi duk inda na ga ba shi da sabis. Da malam ya komo dubawa ta biyu, na riga shi shiga aji, taswira tana kan allo. Na kuma sayi ƙaramin agogon tebur mai ƙararrawa da ragowar kuɗin batirin, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Zango mai zuwa 'yan aji biyu ne za su fita gwajin koyarwa, da yawansu kuwa ƙauyuka za a tura su. Duk wanda wayarsa ke shanyewa da dare, ya yi gwajin nan tun yana makaranta inda caji ke da sauƙi: dare ɗaya da alamar jirgi kuma abin nuna wuri a kashe, dare ɗaya da sabis, dare ɗaya da duka biyun. Wanda lissafin ya rikice masa ya same ni bayan cin abincin dare, amma ya zo da takardar da ya rubuta adadin a kai, kada ya zo mini da "ina jin kamar".